Land Rover ta Baba ta shekara 14 a tsaye: in tashe ta da injinta ko in sa mata na Toyota?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin daji, musamman dattawan kanikawa da direbobin da suka ci abinci da su.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Land Rover Series III doguwa, wadda ake ce wa 109, mai ƙofa 5, ƙirar 1978, injin fetur mai silinda 4, lita 2.25. A gwanjon motocin gwamnati ya saye ta ina ɗan firamare, kuma da ita ya yi ta jigilar taki da buhunan albasa tsakanin gida da fadamarmu ta wajen Kware, har ciwon ƙafa ya hana shi taka kuloc. Tun 2011 take tsaye ƙarƙashin dogonyaron bayan gida. Da aka zo rabon gado bara, 'yan uwa suka ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin. Na roƙi a yi mata kuɗi a sa ta cikin kasona, kuma suka amince, Allah ya saka musu da alheri.

Ga halin da take ciki. Tayoyin duk sun tsattsage, biyun baya sun nutse cikin ƙasa har rim. Ɓeraye sun cinye wayoyin da ke bayan mita. A gindin ƙofofin akwai wani farin gari kamar kanwa da ke ɓarɓashewa in ka taɓa, amma jikin motar gaba ɗaya babu tsatsa, fentin ne kawai rana ta cinye har farin ƙarfen ya fito a kan bonet. Rufinta mai hawa biyu yana nan lafiya, wannan da iska ke bi tsakaninsa, wanda ya sa ko a watan Afrilu cikinta bai cika zama tanderu ba. Sandunan giyar daji guda biyu na ƙasa, mai jan kai da mai ɗorawan kai, suna nan yadda ya bar su. A kan sitiyari akwai wurin da hannunsa na hagu ya goge har ya yi sheƙi, nakan sa hannuna a wurin in na shiga. Na samu handul ɗin tayarwa a bayan kujera, na zura shi ta gaba na danna da iya ƙarfina, injin ko gezau.

Na kawo kanikawa biyu. Na farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce in fitar da injin da giyabos in sayar wa masu kilo, ya ɗora mini injin Hilux na Beljiyam, wai cikin mako 3 zan hau titi. Na biyu ya zagaya ta sau ɗaya ya ce kayanta sun ƙare a duniya, kar in zuba kuɗi a rijiya. Na je J. Allen da kaina na bi shaguna, yaran shagon da yawa ba su ma taɓa jin sunan kayan da nake tambaya ba, wani dattijo ne kaɗai ya ciro mini kwantak da kondensa, kayan ba injin wuta, daga ƙasan wata tsohuwar akwati.

Ni ba don ado nake son tashin ta ba. Fadamar tana nan, ni ke noma ta yanzu, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin gonar akwai yashi mai zurfi da rani, laka da damina. Duk shekara sai na yi hayar amalanke ko na roƙi mai a-kori-kura ya shiga, ya caje ni yadda ya ga dama. Amma kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ba ta son a taɓa injin nan. Ƙararsa na sani tun ina yaro, daga kwanar layi muke gane Baba ya dawo.

To injin da ya kafe shekara 14 yana tashi kuwa? Daga ina ake fara gyaran irin wannan mota don kada in kashe kuɗi a inda bai kamata ba? Kuma a ina ake samun kayanta yanzu, a nan gida ko a waje?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna makoma. Ɗana, na yi shekara 30 da ɗoriya ƙarƙashin irin wagga mota, tun lokacin da ma'aikatar gona da ta lafiya da 'yan sanda duk ita sunka dogara da ita, ana kawo wasu daga Ingila, wasu kuma ana harhaɗa su a Ibadan. Saurara da kyau.

Ka ƙyale injin tukuna. Ba shi ne ran motar ba, casis ne, wato ƙashin ƙarfen da bodi ke zaune kansa. Ɗauki ƙaramar guduma ka kwanta ƙarƙashinta, ka bi casis ɗin daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara tangaran lafiya lau, inda ya yi ƙarar tukunyar da ta fashe to tsatsa ta ci shi daga ciki. Ka fi mai da hankali ga ƙarfen da ya gitta can baya inda ake ɗaura tirela, da hannayen da sunka fito gefe suna riƙe da bodi, da kunnuwan gaba inda sifirin ke kamawa. Sannan ka ɗaga tabarmar ƙafa ta direba da ta fasinja ka duba bangon gaba, domin shi ƙarfe ne, ba alminiyam ba kamar sauran bodin. Mu a ƙasar ga Allah ya taimake mu da bushewar iska, casis ɗinmu ya fi na Turawa daɗewa nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe shi a nan laka ce ta fadama da ta shige ciki ba a wanke ba, sai ganyen itace da ke taruwa yana riƙe ruwan damina, sai fitsarin dabbobi. Farin garin da ka gani gindin ƙofa kuwa, wurin da alminiyam ya haɗu da ƙarfe ne suke cin juna. Shina gyaruwa, amma kar ka bari mai walda na bakin titi ya kusance shi da wutar da yake liƙa ƙofar gida, zai huda maka shi nan take.

In casis ya yi kyau, sai ka koma kan injin. Kar ka sake danna handul da ƙarfi, kuma don Allah kar ka bari wani ya ce a ja ta da mota a saki kuloc, haka anka karya ringi da yawa a gabana. Cire fulogi duka 4, ka zuba gas gauraye da man giyar otomatik cikin kowane rami, kamar rabin kofin shayi. Rufe ramukan da tsumma. Kullum da safe ka sa handul ka ɗan girgiza, kaɗan kawai, ka ƙara mai in ya tsotse. Wani kwana 3, wani mako 2. Ka buɗe murfin sama ka ɗan bubbuga kowane bawul da ƙotar guduma ka ga shina sauka shina dawowa, don bawul da ya kafe shi ke lanƙwasa sandar da ke tura shi. Ran da ya juya, zubar da tsohon baƙin mai, sa sabo 20W50 da sabuwar filta, kusan lita 7 zai ci. Juya shi da kik ba fulogi har fitilar baƙin mai ta mutu, sannan ka nemi wuta. Tazarar kwantak milimita 0.4, tazarar bawul 0.25 ga na shiga da na fita duka, wuta kuma tana bin 1, 3, 4, 2. Fetur daga galan za ka ba shi, kar ka ja daga tankin nan sai an sauke shi an wanke.

Injin ga ba shi da gudu, ƙarfinsa bai wuce na doki 70 ba, amma ƙarfe ne tun daga bulo har tof silinda, kuma shina yafe zafi da mugun mai yadda injin zamani ba ya yi. Ko an buɗe shi an ga ringi da metal sun tafi, ana gurandin, ana samun kayan. Abu guda, fetur na yanzu ba dalma cikinsa, don haka in har an sauke tof silinda a sa masa mazaunin bawul mai tauri a huta.

Ko ya tashi, kar ka fito da ita ƙofar gida sai an yi birki. Duk wata roba da ke jikinta zafin Sakkwato ya gama da ita: tiyon birki, robobin masta, na kuloc, tiyon lagireto, fanbel. A canza su duka, ba a zaɓe. Birkin gaba na 109 inci 11 ne, kowace ƙafa da silinda 2, kuma fitar da iska daga cikinsa shina ba yaran yanzu wuya, sai sun mai da ajasta baya gaba ɗaya sannan su yi ta bi a hankali. Tukunyar tace iskar nan mai baƙin mai a ƙasa, wadda wasu ke cirewa su sa ta takarda, ka bar ta inda take. Don ƙura irin ta hunturunmu anka yi ta. Wankewa kawai take so da sabon mai.

Mai Kurusa na Illela

Baba Bakanike ya faɗi gaskiya kan casis da birki, ba ni da ja. Amma Malam, ka ce aiki za ka yi da ita, to bari in gaya maka ɓangaren da son zuciya ke rufewa.

Ni Land Cruiser nake ja, HJ75 mai injin 2H, kafin ita na yi FJ45 mai 2F. Duk abin da ya lalace mini, in ban samu a Sakkwato ba, na tsallaka Ƙonni na samu, in ya gagara a aiko mini daga Tawa ko Agadas, domin can ƙasar Kurusa ce. Jerin 70 ɗin nan tun 1984 ake yin sa har gobe, shi ya sa kayansa ba sa yankewa. Taka kuwa an daina ƙera ta tun 1985. In shaf ya karye maka a bakin gona ran da 'yan lodi ke jira, wa zai kawo maka?

Sai maganar mai. Wannan injin na fetur, da kaya a yashi, lita 1 da ƙyar ta kai ka kilomita 6. Lokacin Baba fetur kamar kyauta ne. Tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake. Ni da ni ne, zan nemi injin 3L ko 5L na Hilux da Hiace, gas, silinda 4, wanda duk wani bakanike daga Buzaye har ƙauyen da ya fi kowane nisa ya san shi ido rufe. Kar ka yarda da mai silinda 6 irin 1HZ, ya yi mata tsawo da nauyi. A yi faranti a haɗa shi da giyabos ɗinta, ko a ɗauko shi da nasa giyabos da oksilari, wato ƙaramin giyabos ɗin da ke kai juyi ga ƙafafun gaba da na baya, gaba ɗaya a yanka furofela daidai. Na ga an yi, kuma motar tana aiki. Injin Baba kuma ka wanke shi ka shafe da mai ka ajiye a ɗaki, ba wanda ya ce ka sayar.

In ka canza, ka je a gyara lambar injin a takardun mota, kar a tare ka a hanya.

Direban Asibiti Mai Ritaya

Abu ɗaya zan ƙara don na ga ba a faɗa ba. Sandar nan mai ɗorawan kai in ka danna ta ƙasa ƙafafu 4 sun kama, amma a yashi ko laka kawai ake yin haka. Motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, in ka hau kwalta a haka za ta yi ta murɗe kanta har wani abu ya ba da kai. Fitar da ita sai ka tsaya, ka ja mai jan kai baya, mai ɗorawan ta yi tsalle sama, ka mai da jan gaba. Kuma a yashin Kware ka rage iskar taya kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Da ita muka yi ta kai allurar rigakafi ƙauyukan Tangaza da Gudu, ban taɓa kwana a daji saboda ita ba.

'Yar Gawon Nama a Ingila

Yayana, Allah ya gafarta wa Baba. Wanda ya ce maka kayanta sun ƙare a duniya bai bincika ba ne. Ina zaune kusa da Bamingham, kuma Solihul inda aka ƙera irin motarku nan kusa da mu take. Maigidana yana da 88 gajera da yake gyarawa a ƙarshen mako, ni ke yi masa odar kaya, don haka na san kan abin. A nan har yau ana yin kusan komai nata sabo, daga robar birki har casis sukutum. Wahalar ba samuwa ba ce, sanin ainihin abin da za ka ce a aiko maka ne, da kuɗin ɗauko shi.

Kafin ka sayi ko wasa, rubuta lambobi. Lambar casis tana kan ɗan faranti a bangon gaba, an kuma buga ta a jikin kunnen casis na gaba ta dama, sai ka kankare datti. Ta 1978 lamba 8 ce da harafi a ƙarshe. Injin da giyabos kowanne da tasa lambar, kuma harafin ƙarshe na giyabos yana da muhimmanci, domin an yi ta canza kayan cikinsa. Kar ka dogara da shekarar da ke takarda. Motar da ta yi aikin gwamnati ta yiwu an taɓa canza mata injin. Wajen 1980 aka koma injin mai mazaunin karanshaf 5 maimakon 3, kuma kayansu da dama ba sa shiga juna, har zaren notinansu ya bambanta. Nemi littafin lambobin kaya na Series III, ana samunsa a intanet, kowane noti da zanensa da lambarsa. Da lamba ake oda, ba da kwatance ba.

Ka riƙa faɗa musu sitiyarinka na hagu ne. Mu a Najeriya tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, su kuwa nan sitiyarinsu na dama ne, kuma in ba ka faɗa ba irin nasu za su sa maka. Akwatin sitiyari, wasu bututan birki, fitilun gaba, duk sun bambanta.

Kaya iri 3 ne: na asali mai tambarin kamfani, na masana'antar da ta yi wa kamfanin tun farko, sai kwaikwayo mai araha. A madubi ko murfin fitila kwaikwayo ba laifi. A birki, oyil sil da boris kar ka yi rowa. Mun taɓa sa oyil sil mai araha a ƙafar baya, wata 2 man giya ya jiƙe takalmin birki, muka sake sayen duka biyun.

Shawarata, ƙananan kaya marasa nauyi ka haɗa su jeri ɗaya a aiko ta kago lokaci guda: robobi, gasket, sil, kayan kafireto, kwantak. Masu nauyi irin sifirin, shaf, ƙofa da rim ka neme su a gida. Sannan ka nemi sifanu na inci, domin na milimita za su cinye maka kan noti.

Tsohon Bakanike

Ɗiyata ta gama magana kan na waje. Na gida kuwa, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna akwai masu tsohon ajiya, Ladipo a Legas ma haka, amma ka tafi da tsohon kayan a hannu ka gwada su gefe da gefe. Abin da ya fi duka shi ne ka sayi gawa, wato irin motar da ta mutu, ka riƙa cire kaya jikinta. Akwai su bayan tsofaffin ma'aikatu da gidajen sarakunan ƙauye, kaji na ƙwai ciki. Ka riga 'yan gwangwan, domin su alminiyam ɗin suke so, da gatari suke sara ta.

Kai kuma na Illela, ban ƙi taka ba, Toyota mota ce. Amma ka manta gas ya fi fetur tsada a gidan mai, kuma giyabos ɗin ga an yi shi ne daidai ƙarfin injinsa. Na sauke fiye da guda nawa da anka ɗora wa injin gas mai ƙarfi, haƙoran giya ta zube cikin mai kamar tsakuwa. In kuma an ɗauko da giyabos na Hilux, sai an yanka casis an matsar da mazauni, birkin hannu ya tafi don shi a bayan oksilari yake, daga nan ba Land Rover ba Toyota, duk wanda ya zo gyara sai ya yi duba. Daga Mabera zuwa Kware tafiyar nawa ce da za a yi wa mota wanga aiki? Shaf da kake tsoro, ta 1978 doguwa aksul ɗin bayanta Salisbury ne mai haƙori 24, ba ya karyewa da wasa. Mai haƙori 10 na gajerun ne ke yin haka.

Mai Kurusa na Illela

Na karɓa Baba, in tafiyar ba ta wuce gona da gida ba, lissafinka ya fi nawa. Amma ya ajiye kwantak, kondensa, kwayil da fanbel na safaya a cikin mota kullum.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan uwana. Na yi shiru ne don ina son in dawo da labari, yau mako 5 ke nan.

Na fara da guduma kamar yadda Baba Bakanike ya ce. Mun haƙa ƙasa muka sa jak muka ɗora ta kan bulo, na shiga da tocila. Daga gaba har tsakiya ƙarar tangaran ce, har baƙin fentin asali yana nan a wasu wurare. Da na kai ƙarfen baya ta hagu, gudumar ta shige ciki har ƙota, jan gari ya zubo mini a fuska. A nan ne ake ɗaure tumakin gidanmu duk tsawon shekarun nan. Na zura hannu ta ramin na ciro busasshiyar laka mai tauri kamar bulo, har da ɓawon albasa a ciki. Hannun casis ɗaya ma ya ci, sai ƙasan ƙafar fasinja da ya yi ƴan huji kamar rariya. Sauran lafiya.

Injin ya ɗauki kwana 9. Kullum bayan sallar asuba nake zuwa in girgiza handul in ƙara mai. Ran na tara na ji ya ɗan motsa kamar faɗin yatsa, na tsaya, na ƙara mai, na bar shi har la'asar. Da na dawo na danna sai ya zagaya gaba ɗaya, gas ya yi tsartuwa ta ramin fulogi na 3 ya ɓata mini riga. Bawul ɗaya ya kafe a ƙasa, mun yi kwana 2 muna jiƙa shi muna bubbugawa kafin ya dawo. Na samu wani dattijon bakanike a Buzaye da ya yi aiki da su a da, shi ya zo ya wanke kafireton Zenith ɗin, ya sa kwantak ɗin da na samo, mai rewaya ya ja mana waya biyu kai tsaye daga batir. A bugu na huɗu ya kama. Hayaƙi fari ya cika bayan gida, ƙwaryar gyaɗa da ɓeraye suka tara ta yi ta fitowa daga salansa. Mahaifiyarmu ta fito daga ɗaki ta tsaya bakin ƙofa, ba ta ce komai ba, ta daɗe a tsaye, sannan ta yi masa addu'a ta koma. Minti 2 kawai muka bar shi muka kashe, don lagireton na yoyo ta ƙasa. Akwai ƙara kaɗan daga sama, dattijon ya ce ta bawul ce, ba ta metal ba. Kuloc ya manne da fulawil, wannan sai an sauke giyabos.

Hajiya, na kankare lambobin. Injin nata ne na asali, mai mazauni 3. Na rubuta jerin robobi da sil, zan nemi a haɗa mini su lokaci guda yadda kika ce.

Gawa ma na samu, ta hanyar wani abokin noma, a wani ƙauye bayan Gwadabawa. Doguwa ce mai buɗaɗɗen baya, ba injin, ba ƙofofi, amma ƙarfen bayan casis ɗinta garau yake, da aksul biyu, giyabos da lagireto. Magadan sun ce masu kilo sun riga sun taya, na ƙara a kan tayinsu suka sallama mini. Ranar Asabar za mu je da babbar mota mu ɗauko ta. Malam na Illela, na yanke shawarar barin injin Baba, amma kayan safayar da ka lissafa na riga na fara tarawa a akwatin ƙarƙashin kujera.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Sitiyarin yana da tauri sosai ko da ƙafafun gaba suna sama. Dattijon ya kwance sandunan ɗaya bayan ɗaya ya gano daga wannan abin ne mai kama da turmi da ke zaune cikin casis a gaban lagireto, wanda ke karɓar juyi daga sama ya miƙa ƙasa. Mun kwance notinansa mun buga, mun sa jak a ƙarƙashinsa har gaban motar ya ɗaga, ya ƙi fita. Yaronsa ya ce a buɗe shi a inda yake a ciro kayan cikin. A yi haka?

Tsohon Bakanike

A'a, kar yaron ya buɗe shi. Akwai sifirin mai ƙarfin gaske a matse ciki, in ya kuɓuce shina iya fasa fuskar mutum. Tun da tauri ne kawai ba girgiɗi ba, ƙishin mai ne. Cire ƙananan noti 2 daga murfinsa na sama, ɗaya na zuba mai ɗaya na fitar iska, ka riƙa ɗiga man giya mai lamba 90 da sirinji kana juya sitiyari hagu da dama. Shina sha a hankali, zai iya cin yini 2 kafin ya cika. In ya saki, ka bar shi inda yake. Man giyabos kuma ka duba galan ka ga an rubuta GL4, don akwai tagulla a ciki. In kun ɗauko gawar ran Asabar, ka fara duba ƙwallayen aksul ɗinta na gaba, in ba su yi tsatsa ba ka shafe su da giris ka naɗe da leda kafin raɓa ta taɓa su.